Huseina a Ƙofar Hassana

Huseina Haliru Kucheri ta rasu ranar Laraba, 6 ga watan Nuwamba, 2024, a gidan mijinta da ke Tudun Wada, Gusau. Ranar haihuwarta kuwa babu wanda ya rubuta. Abin da aka riƙe shi ne an haife ta a Kucheri ta ƙasar Tsafe, ana tsakiyar cirar gyaɗa, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Hassana ce ta riga faɗowa, ita ta biyo baya tun ungozoma ba ta wanke hannu ba.

Mahaifinsu, Malam Haliru, manomi ne mai sanyin hali. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ta riƙe tagwayenta yadda ta taras ana riƙon tagwaye: abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗaya. In an saya wa wannan ɗankunne, an saya wa waccan. In an sare musu rake, sai an gwada tsawon gaɓoɓin. Ko tsawa aka yi wa Hassana, sai Inna ta juya ta harari Huseina, don kada rabon ya karkata.

Suna da kamar shekara bakwai ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo Asiya, ta zo neman riƙo. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta Ɗanjuma kuma ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ake yawan canja wa tasha. Tsofaffin gari suka ce ba a raba tagwaye. Malam Haliru ya ji nauyin 'yar'uwarsa, ya ce ai na ɗan lokaci ne. Aka ɗaure wa Hassana kayanta a ɗankwali, aka kai ta Gusau, daga can jirgi ya yi kudu da ita.

Huseina ta daina cin abinci, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Inna ta hana maigida sakat, har ya aika cewa a dawo da yarinyar bayan Babbar Sallah. Sallah ta wuce, sai ga Ɗanjuma shi kaɗai.

Ya kawo labarin yadda ake kawo shi a wannan ƙasa, wato a hankali, domin ba a jefa wa mutum mutuwa gaba ɗaya. Sai da ya sha ruwa, ya gaisa da kowa, sannan ya ce wa Malam Haliru yarinyar ba ta jin daɗi. Da aka jima ya ce ƙyanda ce, jikin kuma ya yi nauyi. Sai da liman ya zo ya zauna, mata suka kewaye Inna, sannan ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Babu wanda ya ga kabari. Gwaggo Asiya ba ta zo ta'aziyya ba, daga baya ma aka ji an ƙara yi musu canji zuwa wani wuri mai nisa, zumuncin ya yanke daga nan.

Inna ba ta bar al'adarta ba. Duk abin da ta ba Huseina sai ta fitar da irinsa, ta miƙa wa wadda ta fara shigowa gidan, ta ce, "Kason Hassana ne, a yi mata addu'a." Huseina ta tashi a kan haka, har abin ya zama jikinta. Ko ƙosai za ta saya, ƙulli biyu take sa a yi mata, ɗaya ta ci, ɗaya ta bayar.

Ta yi firamare a Tsafe, ta iya karatu da rubutu daidai gwargwado. Ta auri Malam Lawali, malamin gona, suka daɗe a Bungudu inda aka tura shi aiki, sannan suka dawo Gusau. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma matan unguwa sun shaida ba ta taɓa gauraya mai ba. Mace ce marar yawan magana, mai tsabta, mai jinkirin yanke shawara. Bayan rasuwar Malam Haliru, da zaman ƙauye ya fara wuya, ta ɗauko Inna ta dawo da ita ɗakin da ke kusa da nata. Tsohuwa ta zo da carbinta da hawan jininta.

A shekarar da za ta rasu, bayan Ƙaramar Sallah, cikin zafin bazara, aka kira Malam Lawali taron malaman gona a Minna, a kan yadda ake adana hatsi kada ƙwari su cinye shi. Mutum ne mai barkwanci, kuma Hajjaju yake kiranta ko da yake ba ta sauke farali ba.

"Hajjaju, ko za ki raka ni?" in ji shi. "Ki ga duniya, ki daina zaton Funtuwa ce ƙarshen ƙasa."

"Malam, ni da taron ƙwari? Su za su yi jawabin ko ku?"

Autarsu Jamila, wadda ke jira a kira ta makarantar jinya, ta sa baki. "Mama, don Allah ki bi shi. Baba in ya ga lemun kwalba a kan tebur mantawa yake yana da ciwon siga. Ni zan kula da Inna."

"Kin ji ko," in ji Lawali. "Ba rakiya aka tura ki ba, gadi ne."

Suka tashi da hantsi a motar ofis, cikin jerin wasu motoci, domin yanzu babu mai son bin wannan hanya shi kaɗai. Da suka wuce Tsafe hira ta mutu a motar. Huseina ta hangi rufin kwanon Kucheri da tsamiyar bakin hanya, ba a tsaya ba. Suka bi ta Zariya da Kaduna, suka isa Minna a gajiye, aka sauke su a wani masauki da ke kusa da layin dogo.

A bakin ƙofar masaukin wani dattijo mai gadi ya miƙe daga benci, ya dube ta ya yi murmushi irin na sani.

"A'a, Mama, yau kuma a mota? Sannu da zuwa."

Ta amsa gaisuwar, ta ɗauka fara'ar mutanen birni ce. Tana hawa bene sai ta hango wata mata a tsallaken titi tana ɗaga mata hannu. Ta waiga bayanta don ta ga wadda ake gaisarwa. Bango ne kawai.

Da gari ya waye Lawali ya rataya katin taro a wuya ya wuce zauren da ake zama. Huseina ta ƙyamaci shayi da burodin masauki, ta nemi izini ta fita neman masa. Ba ta yi nisa ba ta ga hayaƙi a gindin wata dogonyaro, wata mata mai jiki tana juya masa a tanda. Matar ba ta ko ɗago kai sosai ba.

"Hassana, yau an yi sammako. Biyu kamar kullum?"

Huseina ta tsaya cak. Rabon da ta ji an kira wannan suna a gabanta ba tare da addu'a ta biyo baya ba, tun tana yarinya. Ta buɗe baki ta ce ba ita ba ce, sai ta ji ta ce, "E."

Matar ta ƙulle masa gida biyu, ta zuba yaji, ta miƙo mata ɗaya bayan ɗaya.

"Ga naki. Ga na Huseina, Allah ya jiƙanta da rahama."

"Amin," in ji Huseina.

Sai da kalmar ta fita ta ji abin da ta amsa. Ta koma masauki da ƙullin biyu a hannu, ta ajiye su a kan tebur, ta zauna a bakin gado tana kallonsu. Nata ta sani. Ɗayan kuwa ba ta san na wa ba ne: ta saye shi don Hassana, an miƙo mata shi da sunan Huseina. Har suka huce ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Da aka tashi cin abincin rana ta faɗa wa Lawali. Ya saurara yana goge gumi, sannan ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Hajjaju, Hassana da Huseina sun fi ƙwarin rumbu yawa a ƙasar nan. Kama ce kawai."

"Malam, kamar fuska na ji. Sayen biyu fa?"

Ya dubi ƙullin biyu da ke kan tebur. Can ya ce, "To, gobe ki koma ki tambaya. Amma ki ci wani abu, kin yi fari."

Kashegari ta makara da gangan, sai da rana ta ɗaga ta fita. Mai masa tana kankare tanda. Ta ɗago ta ce, "Ke kuma lafiya? Ba yanzu kika tafi ba? Har kin sake zane?" Sai ta tsaya. Ta dubi fuskar, ta dubi hannuwan, ta sake duban fuskar. Cokalin ya suɓuce mata ya faɗa cikin toka. Ta ja da baya tana neman tsari daga Allah.

Huseina ta matsa ta kama mata wuyan hannu. "Baiwar Allah, taɓa ni ki ji. Mutum ce ni. Daga Gusau na zo, mijina na raka taro."

"Wace ce ke?"

"Huseina."

"La'ilaha illallahu! Huseina ta mutu tun ana yara!"

"Haka mu ma aka ce mana game da Hassana."

Matar ta zauna daɓas a kan kujerarta. Sunanta Maijidda, Banufiya ce da Hausa ta zauna a bakinta, kuma maƙwabciyar Hassana ce tun suna amare. Da numfashinta ya dawo ta ba da labari, tana yi tana leƙen fuskar Huseina kamar tana tsoron ta narke. Wata Asiya ce ta zo garin da Hassana tana ƙarama. Ita ta shaida wa yarinyar cewa amai da gudawa sun shiga ƙauyensu, sun tafi da uwarta da ubanta da 'yar'uwar haihuwarta, babu sauran wanda za a koma wa. Asiya da mijinta sun daɗe da rasuwa. Hassana ta auri wani tela, shi ma ya rasu, 'ya'yanta maza suna Legas, tana zaune ita kaɗai tana sayar da zogale da kuka. Kuma tun da Maijidda ta san ta, ba ta taɓa sayen abu guda ɗaya ba, sai biyu.

"Inna tana da rai," in ji Huseina. "Tana ɗakina."

Maijidda ta dafe ƙirji. "Wayyo Asiya! Allah ya yafe miki, ni dai ba zan iya ba." Ta goge ido da bakin zane. "Tashi mu je. A'a, tsaya. Ki sani, zuciyar Hassana ba ta da ƙarfi. Bara aka buga waya cewa ɗanta ya faɗi da babur, ƙafa kawai ya goge, amma sai da aka kwantar da ita asibiti. In ta ga wannan fuska a ƙofarta, wallahi ban san abin da zai faru ba."

"Nuna mini gidan kawai."

Maijidda ta nuna mata: a bi layin dogo, a wuce injin niƙa, gida mai shuɗiyar ƙofa.

Rana ta take tsaka. Unguwar ta yi tsit, ko akuya babu a waje, injin niƙan ma a kashe. Ƙarfen dogo yana ta sheƙi, ciyawa ta fito a tsakaninsa. Huseina ta tafi tana jin ƙarar takalminta kamar na wani ne ke bin ta. Shuɗiyar ƙofar a buɗe take. Ta shiga ɗan zauren, mai sanyi da duhu, ta tsaya a bayan labulen buhu da ya raba shi da tsakar gida. Labulen ya yage a gefe.

Ta ga wata mata zaune a kan tabarma a inuwar bango, ta miƙe ƙafafu, faifai a cinya, tana tsinkar zogale. Ta ga irin tata ƙeyar, wadda ba ta taɓa gani ba sai yau. Ta ga kafaɗar hagu da ta ɗan fi ta dama sauka, abin da mai yi wa Huseina ɗinki ke yi mata ƙorafi a kai kullum. Matar ta ɗan ciji harshe a gefen baki, yadda Jamila ke yi wa uwarta dariya in tana murza ƙuli. Sai ta yi tari, gajere sau biyu, Huseina ta ji maƙogwaronta ya motsa.

Sallama ta zo mata har baki. Tun da take ba ta taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba. Amma in ta yi, za a ce wace ce, ita kuma sunan da za ta faɗa sunan matacciya ne a gidan nan.

Hannun matar ya tsaya a kan faifai. Ba ta waiwayo ba.

"Wa ke nan?"

Muryar matar irin ta Huseina ce sak, sai dai an ɗan lanƙwasa ta irin ta mutanen garin.

"In mutum ne, ya yi sallama." Ta saurara. Ganyen zogale ɗaya ya faɗo daga yatsunta. Sannan ta sassauta murya, kamar mai lallashin yaro, kuma da ji ba yau ta fara faɗar haka ba. "Ke ce ko? Na riga na fitar da naki tun da safe. Mai ɗinkin takalmi na ba, ya yi miki addu'a mai kyau. Koma ki kwanta, Huseina. Rana ta yi zafi."

Huseina ta koma da baya, tana dafa bango, har ta fita. Ba ta san yadda ta kai gindin dogonyaro ba. Ta roƙi Maijidda, don girman Allah, kada ta ce komai tukuna. Suka karɓi lambar wayar juna.

Lawali na jin labarin ya cire katin taro daga wuyansa ya jefa a kan gado. Wannan karon babu wasa a bakinsa.

"Tashi mu je yanzu. Ni zan yi sallama, namiji ne, ba za ta firgita ba."

"In ta fito ka ce mata me?"

"In ce 'yar'uwarta tana da rai!"

"Haka gaba ɗaya? Malam, in mutuwa ce na san yadda ake kai ta. A ce ba ya jin daɗi, a ce jiki ya yi nauyi, a kira liman. Wa ya taɓa koya mana yadda ake kai wa mutum labarin rai? Ta faɗi a gabanmu, mu ce mun zo zumunci?"

"To sai mu tafi mu bar ta?"

"Inna ce ta haife ta. Ba zan rungumi Hassana ba alhali Inna na can tana fitar mata da sadaka. Uwa za ta fara ji. In ta ji, ita za ta faɗa mini da bakin da zan zo."

Lawali ya san matarsa. Ba ta cika kafewa ba, amma in ta kafe an gama. Aka rufe taro, aka raba wa mahalarta jakunkuna da takardun shaida, motar ofis ta juyo da su. Da suka fito, mai gadi ya ɗaga mata hannu ya ce, "Mama, sai kin zagayo."

A Gusau Huseina ta rasa wata hanya sai wadda ta sani. Ta ce za ta bi matakan nan na kai labari, a hankali, sai dai ƙarshensu ya zama alheri. Ta bari aka kwana biyu, sannan wata safiya da ta kai wa Inna koko ta zauna a bakin tabarma.

"Inna, a can Minna na ga wata mata mai kama da ni."

Inna ta ja carbi ta ce, "Allah mai halitta."

Bayan wasu kwanaki ta sake zama a wurin. "Inna, matar nan da na faɗa miki. An ce ita ma tagwaye ce. An ce ba 'yar garin ba ce, kawo ta aka yi."

Inna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. A karo na uku Huseina ta sa Jamila ta zauna kusa da tsohuwa, ta kuma roƙi wata dattijuwar maƙwabciya ta shigo, don a sami mai riƙe ta in farin ciki ya yi mata yawa. Nan ta yi kuskure. Inna ta ga an zo mata da magana guntu-guntu, ta ga an sassauta murya, yau kuma ga mata an kewaye ta. Ta san wannan zama. An taɓa yi mata shi a Kucheri.

"Ke wagga ɗiya, mi kike kewaye-kewaye?" Muryarta ta tashi. "Wa ya mutu? Hwaɗa mini! Cikin jikokina ne? Wa aka ɗauke a hanya?"

"Inna, ba haka ba ne, ki tsaya ki ji..."

Ba ta tsaya ba. Ta yunƙura za ta miƙe, idanunta suka juye, ta sulale a jikin Jamila. Aka yi asibiti da ita. Ta farfaɗo, amma bakinta ya ɗan karkace, likita kuma ya ja kunne cewa kada a sake kawo mata abin da zai tayar mata da hankali, kowane iri ne.

Huseina ta ja bakinta ta rufe. Damina ta sauka, hanya ta ƙara lalacewa. Kowace safiya Inna kan ce, da bakinta da bai gama miƙewa ba, "An fitar da kason Hassana?" Huseina ta ɗauki ƙullin ta ba wadda ta fara shigowa, a yi addu'ar jin ƙai ga mai rai, ta amsa da amin. Ta kuma san cewa a daidai wannan lokaci, a gindin wata dogonyaro, ana miƙa nata. Ta rage cin abinci. Ta ce wa Lawali in ta kai loma baki sai ta ji kamar an riga an ci mata a wani wuri. Ya ce ta bari ya tafi Minna shi kaɗai. Ta ce a'a, Inna tukuna.

Maijidda takan bugo waya jefi-jefi, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya Huseina, cikina ya kusa fashewa da maganar nan. Kullum tana gabana. Kin san abin da ta ce mini jiya? Ta ce tun tana yarinya takan ji ana tsaya mata a ƙofa, ta saba, har tana jin daɗin abin. Amma tun wata rana da bazara, da ta ce a koma a kwanta, ba a sake zuwa ba. Tana ta tambayata, wai ko ta kore ki ne."

Huseina ta riƙe wayar a kunne har bayan an kashe.

Da kaka ta yi, aka fara shigo da sabuwar gyaɗa kasuwa, Inna ta sami ƙarfi har tana fitowa tsakar gida da sanda. Huseina ta yanke shawara. Ta ce wa Lawali ta gane kurenta: a hankalin nan ne ya kusa kashe tsohuwa. Wannan karon babu kewaye, babu maƙwabta, babu sassauta murya. Za ta faɗa mata gaba ɗaya, ita da ita, da safe bayan ta sha magani. In an wuce wannan lafiya, ranar Asabar su kama hanyar Minna, Maijidda ta shiga gabansu. Lawali ya nemi izini a ofis. Ita kuma ta haɗa 'yar jaka, ta sa galan na man gyaɗa a gefenta.

Ranar Laraba ta kai koko ɗakin Inna, ta ba ta magani, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ta yi magana da ƙarfi, yadda take kiran Jamila daga madafa.

"Inna, yau ina da magana. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya mutu."

Inna ta ɗaga carbi. "To, bari in ida lazimi."

Huseina ta ce to. Ta naɗe hannuwa a kan cinya tana jira. Inna ta ja carbinta har ƙarshe, ba ta gaggauta ba, ta shafa addu'a, ta juyo ta ce, "Ina jin ki."

Ba a amsa ba. Idanun Huseina a buɗe suke, suna kallon ƙofa, kanta ya ɗan kwanta a kafaɗar hagu. Likita ya ce zuciya ce.

An yi mata sallah bayan azahar, mutane da yawa sun zo daga Bungudu da Tsafe. Inna ta ba kowa mamaki, ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba. Sai dai duk wadda ta durƙusa yi mata ta'aziyya, sai ta kama hannunta ta tambaye ta: "Ta ce tana da magana. Ta ce babu wanda ya mutu. Ke kin san mi za ta hwaɗi?" Matan su ce a yi haƙuri, Inna, su tashi.

Malam Lawali ya sani. Ya faɗa wa Jamila bayan sadakar bakwai. Maijidda ta bugo wayar marigayiya, shi ya ɗauka, ya shaida mata, ta yi kuka ta ce ita yanzu ba ta san da wace fuska za ta dubi maƙwabciyarta ba. Ya ce ta ƙara haƙuri, zai zo. Sau biyu yana tsayawa a ƙofar ɗakin Inna da niyyar shiga, ya ji tana jan carbi, ya gaishe ta daga waje ya wuce.

Har yanzu ba a faɗa wa Inna ba, ba a kuma je Minna ba. Jakar tana nan a bayan ƙofa yadda Huseina ta haɗa ta.